Hoton Wata na Uku

12 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Gajere,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na wurin ginin madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau muke. Ummanku, uwargidana, ta samu sauƙin gwiwa, har ta koma hawa bene ba tare da ta yi wa matakala faɗa ba. Mahaifiyarka ta zo ranar Asabar ta yini tana karanto mini sunayen waɗanda za a gayyata bikinka, ni kuwa ina gyaɗa kai, kamar yadda ya wajaba a kan kowane yaya mai son zaman lafiya.

Direban kamfaninku ya kawo mini takardarka, na karanta ta sau biyu. Abin da na fahimta shi ne, sanƙo ya cinye maka gaban kai, ɗaurin aurenka ƙarshen watan Mayu ne, kuma ka samu wani asibiti da ya sa maka ranar 20 ga Fabrairu domin a yi maka dashen gashi, ka tsaya a gaban mutane da suma. Ka kuma ɗora mini laifin, wai gadon gidan kawunnai ne. Ban musa ba. Kakanka yana da shi, ni ina da shi, ɗana Dogo, taubashinka, Allah ya jiƙansa, ya fara nasa tun yana shekara ashirin da huɗu. Tunda ni na raka shi aka yi masa nasa dashen, kuma na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da ilimin renon itatuwa, zan faɗa maka abin da na sani.

Ka fara gane cewa ba a ƙirƙirar gashi. Daga ƙeyarka ake cire saiwa ɗaya bayan ɗaya a dasa a gaba, kuma inda aka cire ba ya sake tsirowa har abada. Ƙeyarka ita ce gandun renonka, guda ɗaya ce, ba ta da ƙanwa. Wanda ya kwashe ta a yini ɗaya ya bar ka da gaba mai gashi da baya kamar ɓera ya yi ɓarna, kuma idan sanƙon ya ci gaba nan da shekara goma, babu inda za a ƙara ɗebowa.

Saboda haka, kafin ka miƙa wa kowa kanka, ka tambaye shi wane ne zai riƙe ƙarfen da hannunsa, likitan ne ko yaransa. Ka tambayi mutum nawa ake yi wa a rana. Ka nemi ganin mutanen da aka yi wa shekara guda da ta wuce, masu gashi irin namu, domin gashinmu a naɗe yake har a ƙarƙashin fata, hannun da bai saba da shi ba yanka saiwar yake yi wajen cirewa. Likitan kirki zai fara binciken dalilin zubar gashin, ya gwada jininka, ya tambaye ka ko fatarka tana yin tabo mai tudu idan ka ji rauni. Mai yiwuwa ma ya ce ka fara shan magani ko shafawa domin a riƙe abin da ya rage. Idan ya zana maka layin goshi, ka duba ko zai dace da fuskarka ranar da ka kai shekara hamsin. Dogo ya so a sauko masa da nasa har kusa da gira. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce da shi, “Samari, ni gashi nake dasawa, ba labule ba.”

Akwai kuma batun aikinka. Kai safiyo ne mai awon ƙasa, yini kake yi a rana da hular kwano. Sabon dashe ba ya son rana, ba ya son gumi, ba ya son abin da zai goge shi. Makonni za ka yi ba ka sa hular nan ba.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne lokaci. Duk tsiron da aka dasa sai ya yi yaushi kafin ya kama. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, saiwar ta yi kwance abinta, sai wajen wata na huɗu ta fara leƙowa, cikar aiki kuwa sai shekara. Ka ƙirga daga Fabrairu zuwa Mayu da yatsunka. Ranar da ka zaɓa za ta kai ka ɗaurin aure da kai mafi muni da za ka taɓa ɗauka.

Ka gaida amaryar taka, Malama, idan kun yi magana. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka


24 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, a gaida Umma, a ce mata ta bi benen nan a hankali, ba tsere ake yi ba. Ni lafiya ƙalau, sai rana da take gasa mini tsakiyar kai duk lokacin da na cire hula zan share gumi.

Kawu, takardar nan taka da na miƙa ta a jami'a da sun ba ni digiri. Na hau tudun da muke samun layin waya na tura wa mutanen asibitin tambayoyinka. Sun ce likita yana zuwa da safe ya zana wa kowa layinsa, daga nan ƙwararrun ma'aikatansa su ɗauka. Mutum goma sha biyu suke yi wa a rana, wai hakan ma shaida ce ta yadda aka yarda da su. Sun ce saiwa dubu biyar za su dasa mini a zama ɗaya. Da na kawo batun zubewa, sai suka turo mini hotunan mutane a wata na uku, kowa da suma kamar zaki.

Na san abin da za ka ce. Amma Kawu, su hoto suka nuna mini, kai kuwa takarda ka aiko. Ni ban ga kan Dogo a tsakiyar aikin ba. Duk watannin nan da hula yake yawo, ko barci ya zo yi a ɗakina ba ya cire ta. Ranar da ya cire, ya shigo yana kaɗa kai yana ce mini, “Gajere, matsa gefe, kana haske mini ido.” Shi ne kawai abin da na gani.

Ya taɓa faɗa mini cewa kowane wata kana zaunar da shi a kujera ɗaya, a bakin taga ɗaya, ka ɗora masa kwali mai huda a ka kana ƙirga gashi, kamar gonar gwaji, sannan ka ɗauki hoto. Na roƙe ka hotunan nan da sunan likitan a takardata ta farko, ban ga ka ce komai a kansu ba, ƙila mantuwa ce. Don Allah a ba direba ya taho mini da su. Idan na ga wata na uku da idona ya yi muni kamar yadda ka ce, na haƙura. Idan ban gani ba, Kawu, ina so Malama ta ga mijinta da gashi ko da sau ɗaya ne a hoton biki. Ƙannenta har sun fara kirana Fitila.

Ɗanka,
Gajere


9 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Umma. Ni lafiya.

Direba ya zo sau biyu hannu wayam. Na farko na ce ko ka ba shi ya manta, har na sa ya zazzage aljihun mota. Na kira waya sau uku, duk Umma ce take ɗauka ta ce kana lambu. Kawu, na san lambun nan, bai kai girman da mutum zai ɓace a ciki mako biyu ba.

Na sake karanta abin da na rubuta maka, na ga na yi wauta. Na kawo zancen Dogo ina wasa da shi kamar jiya muka rabu, har ina neman a ɗauko mini kayansa kamar na aiki mutum kanti. Wata goma sha huɗu ke nan da haɗarin motar, ni nan cikin hayaniyar injina nakan manta, wani lokaci ma har in ɗauko waya zan kira shi. Kai kuwa a gidan kake. Ka yafe mini, ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Batun asibiti, na ga tunda ka yi shiru ka bar ni da zaɓina ke nan. Na ɗauki hutun kwana goma, motar kamfani za ta fita da ni ranar 18, ranar 20 a yi aikin. A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Gajere


14 ga Fabrairu

Ɗana Gajere,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna kuma yi maka fatan haka. Na roƙi direbanku ya tabbata wannan ambulan ta shiga hannunka kafin ranar 18, ya yi mini alkawari.

Ba ka yi mini laifi ba, kuma shiruna ba izini ba ne. Kai kaɗai ne a dangi kake ambaton Dogo yadda yake, da bakinsa da tsokanarsa. Sauran mutane idan sun zo sunansa sai su rage murya. Ka ci gaba yadda kake.

Ga gaskiyar maganar. Hotunan suna cikin aljihun teburinsa, teburin yana cikin ɗakinsa, ni kuwa ban taka ɗakin nan ba tun ranar da aka kawo mana labari. Ummanku ce take shiga ta share ta buɗe taga. Ni nakan wuce ƙofar sau shida ko bakwai a yini, na kuma ƙware wajen duban bango na ɗaya gefen. Na zauna sau uku zan ba ka amsa ba tare da hotunan ba, kowane karo ina ƙara hujja da alƙaluma, kowane karo ina yagewa, domin na san gaskiyarka ce: su hoto suka nuna maka. Waya kuwa na ƙi ɗauka ne saboda alƙalamina ya fi muryata biyayya.

Takardarka ta ranar 9 ta iso jiya da hantsi. Da na ga ranar 18 a rubuce, na ajiye tabarau na tashi na murɗa ƙofar kafin in ba kaina damar yin shawara. Ɗakin bai yi mini komai ba. Takalmansa na ƙwallo suna ƙarƙashin gado, kujerar tana bakin taga inda muka bar ta. A kan tebur akwai mataji uku. Ka tuna yadda ya koma bayan gashin ya cika, ko a danja aka tsayar da mu sai ya juyo madubin mota ya gyara kai. Wata biyar kacal ya yi yana wannan taƙamar, amma ya yi ta sosai.

Hotuna goma sha biyu ne, ga su nan cikin ambulan a jere. Abin da ban sani ba shi ne, ashe bayan na ba shi su ya ajiye, ya bi bayan kowanne ya yi rubutu. A bayan na farko ya rubuta: “An yi shuka. Baba yana jiran damina.” A na shida: “Baba ya ƙirga arba'in da ɗaya a cikin kwali, ya yi murna fiye da ranar da na gama jami'a.” Wannan ƙazafi ne, amma ba shi da nisa da gaskiya.

Ka ciro na uku ka duba da kyau. Dashen ya zube, fatar ta yi duhu-duhu, ga ƙuraje biyu a gefe, gashin da yake da shi na asali ma ya ɗan tsorata ya ragu. Wannan shi ne kan da aka yi wa aiki mai kyau, a hannun likitan da ba ya wuce mutum ɗaya a rana, da saiwa dubu biyu da ɗari biyu. Idan ka gama duban gaban, ka juya bayan. Ya rubuta: “A ajiye wa Gajere wannan. Nasa sanƙon na nan tafe, kuma na san shi, gaggawa zai yi.”

Na zauna a bakin gadonsa na yi dariya har na ƙware. Daga nan na yi abin da ban yi ba ranar jana'iza. Ummanku ta leƙo, ta gan ni, ta ja mini ƙofa ta koma kicin. Shekara talatin da huɗu muna tare, ba ta taɓa yi mini kyauta irin wannan ba.

Akwai sashen da na tsallake a takardata ta farko, kuma da gangan na tsallake shi, wato jinya. Kwanakin farko za ka kwanta kai a sama, da matashi uku a bayanka. Goshi zai kumbura, kumburin ya gangaro wajen idanu, Dogo ya ce ya koma kamar wanda ya yi musu da zuma. Riga mai maɓalli za ka riƙa sawa, kada komai ya bi ta kanka. Ƙaiƙayi zai zo, kuma an hana susa. Sai wanki, wanda shi ne rabin aikin. Daga ranar da likita ya ba da izini, kowace safiya ana kaɗa sabulu a tafin hannu sai ya yi kumfa, a ɗora kumfar a hankali ba gugawa, a jira, sannan a zuba ruwa mai ɗumi da kofi, ba daga famfo ba. Haka ake yi har ɓawon ya saki da kansa, kwana goma ko sha biyu. Mutum ba ya ganin tsakiyar kansa, don haka sai da wani. Ni na yi wa Dogo. Yakan zauna a ƙaramar kujera a banɗaki, tawul a wuya, yana cewa, “Baba, a hankali, amfanin gonar mutane ne.” Rabona da in wanke masa kai tun yana ɗan shekara huɗu. Wannan ne na kasa rubutawa a watan Janairu.

Ka tambayi masu mutum goma sha biyu a rana wa zai duba ka a rana ta biyar, kuma me ya sa hotunansu na wata uku suka fi wannan kyau. Katin likitan Dogo yana cikin ambulan. Kada ka yarda da shi don ni na ce, ka yi masa tambayoyin nan duka, har da waɗanda za su ɓata masa rai.

Kanka ne, hukunci naka ne. Hotunan dai a dawo mini da su.

Kawunka


19 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku da kyau. Ka duba kwanan watan da ke sama, ka ga daga inda nake rubutu. Mota ta fita jiya ba ni a ciki.

Ambulan ta iso ranar 17 da la'asar. Na baza hotunan a kan teburin zane, abokan aiki suka taru a kaina. Shugabanmu, wanda nasa sanƙon ya girme ni, ya ɗaga na uku ya ce, “Wannan ango ne ko wanda aka ciro daga gobara?” Na karɓa na juya bayan. Kawu, na fita waje na ɗan daɗe. Mutumin nan ya tafi ma bai daina cin nasara a kaina ba.

Na hau tudu na tura wa Malama hoton, na faɗa mata komai, domin da ma ɓoye mata na yi, wai zan ba ta mamaki. Ta ce, “Mamaki kam da na sha shi. Da wannan kan ka zo gidanmu, da shi na ce na amince. Ƙannena kuwa bar ni da su.” Na ce to Fitila fa? Ta ce ai gida ba ya ƙin haske.

Na kira likitan Dogo. Ya tuna shi, ya ce ai ba a manta mai son labule. Ya ƙi sa mini ranar aiki, ya ce sai ya ga kaina da idonsa a watan Yuni, ya yi gwaje-gwaje, idan komai ya yi daidai sai wajen Agusta, lokacin da zan iya ajiye hular kwano yadda ya kamata.

Saura abu ɗaya, kuma idan ya yi nauyi ka ce a'a kai tsaye, kada ka shige lambu. Malama ta ce ita ko yankan kaza ba ta iya kallo, balle kai mai ɓawon jini. Asibitin yana kusa da ku. Za ka wanke mini?

Ga hotunan nan na mayar.

Ɗanka,
Gajere


27 ga Fabrairu

Ɗana Gajere,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ummanku tana gaishe ka, ta ce Malama ta fi ka hankali, ni kuma ban ga dalilin da zan saɓa mata ba.

Zan wanke maka. Za ku sauka a ɗakin Dogo kai da amaryarka, tagarsa ce ta fi haske da safe, kuma hoto ba ya inganta idan ana sauya wuri. Tun ranar nan ƙofar a buɗe take. A can ma nake karatun jarida yanzu, kujerar ta fi tawa daɗi, abin da bai taɓa faɗa mini ba. Na nemo kofin, na nemo kwalin mai huda, santimita ɗaya ta kowane gefe. Ka zo da riguna masu maɓalli guda huɗu da haƙurin da ba na jin kana da shi.

Na ƙirga hotunan kafin in mayar da su aljihun tebur, na samu goma sha uku. Na ga naka, a tsaye kan tudu, hular kwano a hannu, rana tana yin abin da ta ga dama da tsakiyar kanka. Ɗaukar ba ta bi ƙa'ida ba, babu ma'auni, kuma ka karkace. Na juya bayan na ga ka rubuta, “Dogo, na ji.” Na sa shi a sama da na farko.

Mahaifiyarka ta tambaye ni ko gaskiya ne da sanƙo za ka je ɗaurin aure. Na ce mata ni ma da shi na je nawa, kuma har yau ba a dawo da ni ba.

Mataji uku ya bari. Ɗaya naka ne, amma ba zan ba ka shi ba sai wata na goma sha biyu.

Kawunka